Za a iya haɗa na'urar bin sawun shanu mara batir, mai jan wuta daga jikin saniya?

Wani ƙanenmu daga wajen Achida ne ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: ya ga bidiyo a TikTok an kafa ƙusa biyu jikin icce an jona waya wai tana caji, kuma ya ji ana cewa Turawa sun yi 'yar rediyo da ke aiki da wutar jikin dabba. Shi ne yake cewa tunda hakanan ne, mi zai hana a haɗa na'ura mara batir a rataya ma shanun babanshi, ta riƙa shan wuta daga jikinsu tana aiko da inda suke, saboda ɓarayin shanu.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi tsare dukiyar Baba. Haɗa ƙananan tiransimita, wato na'urorin aika saƙo ta iska, da na'urorin awo shi ne aikina, don haka bari in ba ka amsar a tsanake, sai dai ka yi haƙuri da tsawonta.

Bidiyon cajin waya dai ƙarya ne, ka ajiye shi gefe. Maganar tiransimita mai aiki da wutar jikin mai rai kuwa gaskiya ce, an yi ta kuma an buga ta a manyan mujallun kimiyya, amma yawan wutar da ake samu ɗin shi ne mutane ba su san ƙanƙantarshi ba, kuma duk maganar nan take. Batirin waya irin mai 5000 ɗin nan da muke alfahari da shi yana ɗauke da kuzari wajen jul 68,000, jul ɗaya kuwa shi ne wat ɗaya na tsawon daƙiƙa ɗaya. In kana samun maikirowat 10 daga jikin icce ko dabba, wato wat ɗaya a raba shi gida dubu ɗari ka ɗauki ɗaya, kuma wannan ma an yi sa'a, to sai ka yi shekara sama da 200 kana caji kafin batirin nan ya cika. Mai bidiyon ya ɓoye abin caji ne ƙarƙashin riga ko bayan iccen, shi ke nan. Ko da ya nuna maka mita tana karanta kusan bolt ɗaya, duba ƙusoshin da kyau za ka tarar ɗaya jan ƙarfe ce ɗaya mai rufin zinki, wutar daga cinyewar zinkin take fitowa, iccen ruwan jikinshi kawai ya ba da, lemon tsami ko dankali ma za su yi aikin.

'Yar rediyon da ka ji labarinta ina kyautata zaton ta shekarar 2012 ce, wadda masana na jami'ar MIT da wani asibitin ido da kunne na birnin Boston a Amurka sunka yi, Anantha Chandrakasan da Konstantina Stankovic da Patrick Mercier da abokan aikinsu. Abin da sunka dogara da shi kuwa tsohon sani ne: can cikin kunne, a sashen nan mai naɗewa inda ake mayar da sauti saƙon jijiya, akwai ruwa iri biyu da wata siririyar fata ta raba, kuma akwai ƙwayoyin halitta da aikinsu dare da rana shi ne tura sinadarin fotasiyam zuwa gefe guda. Wannan turawar ke haifar da bambancin lantarki na milibolt 70 zuwa 100 (milibolt shi ne bolt ɗaya a raba shi gida dubu), kuma da shi ne kunnenka ke jin kiran salla. Georg von Békésy ne ya gano shi a 1952, mutumin da ya samu kyautar Nobel a 1961 kan binciken kunne. To su waɗannan sai sunka saka siraran wayoyi biyu cikin kunnen ɓeran Masar da anka sa ma maganin barci, sunka riƙa tatsar kusan nanowat ɗaya har tsawon awa 5, sunka kunna tiransimita mai aiki a gigahaz 2.4, irin zangon da Bluetooth da WiFi ke ciki, tana aiko da awon lantarkin kunnen kanshi.

Nanowat ɗaya fa. Wat ɗaya a raba shi gida biliyan. Da wannan za ka caja wayarka da sai ka jira shekara miliyan biyu da ɗoriya. Kuma da gangan sunka tsaya a ɗan kaɗan ɗin, don in ka ja da yawa lantarkin kunnen zai faɗi dabbar ta kurumce, ka ga an yi ba a yi ba ke nan. Wannan ƙa'ida ce da ta shafi duk wani mai rai da za ka tatsa, jikin ba don na'urarka ya tara kuzarin ba, yana da abin da yake yi da shi.

Yanzu sai ka ce to ta ina nanowat zai kunna tiransimita, alhali ko Bluetooth mai tsimin wuta yana shan miliwat da dama lokacin da yake aikawa, kowane miliwat kuwa nanowat miliyan ɗaya ne? Nan ne ainihin gwanintar take, kuma ni a wurina ita ta fi maganar kunne ko icce ban sha'awa. Na'urar ba ta aiki koyaushe, barci take yi. Ka ɗauke ta awa asusu, kullum ana jefa kwabo kwabo, ba mai taɓawa, sai ya cika a fasa a kashe gaba ɗaya a kasuwa guda sannan a sake sabon tari. Asusun shi ne kapasita, ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta lokaci guda. A gwajin kunnen nan sai an tara na daƙiƙa 40 har zuwa 360 kafin tiransimita ta farka ta harba saƙonta cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba ta koma barci. Lissafin mai sauƙi ne, nanowat ɗaya cikin minti ɗaya ya tara nanojul 60, in tiransimitarka na shan miliwat ɗaya to tana da maikirodaƙiƙa 60 ta faɗi abin da za ta faɗi, saboda haka ba gaisuwa ba tambayar iyali, lamba ce kawai take jefawa.

Amma ko cikin barcin dole wani abu ya kwana ido biyu, agogon da zai tashe ta da da'irar da ke ɗaga lantarkin, kuma su biyun dole su ci ƙasa da abin da ke shigowa, in ba haka ba kapasita ba za ta taɓa cika ba. Ga kuma yoyo, tiransista, ɗan makunnin nan da ke cikin da'ira, ko a kashe take tana ɗan zurarar da wuta, kapasita ma haka, kuma yoyon nan ƙaruwa yake da zafi, wanda duk wanda ya yi aikin lantarki a Sakkwato cikin watan Afrilu ya san ba wasa ba ne. Sannan akwai matsalar tashin farko: milibolt 80 bai isa ya buɗe tiransista ba, tana son wajen milibolt 300 zuwa sama, to da'irar da za ta ɗaga lantarkin ita kanta tana buƙatar lantarki kafin ta fara. 'Yan MIT ɗin sai da sunka harba ma na'urar siginal mai ƙarfi daga waje sau ɗaya ta tashi, daga nan ta ci gaba da riƙe kanta.

Wasu kuma sun bi ta wata hanyar, sunka ce mi ya sa ma za mu ƙirƙiri siginal namu, mu bari wani ya turo daga waje mu kuma eriyarmu ta riƙa mayar da shi ko ta shanye shi, mayarwa ɗaya shanyewa sifili. Haka katin da ake ɗorawa kan na'ura ba tare da an zura shi ba yake aiki, babu batir ciki. Dabarar tsohuwa ce, a 1945 Rasha ta ba jakadan Amurka a Mosko kyautar wani tambari na katako da na'urar sauraro mara batir a ciki, wadda Leon Theremin ya ƙera, ya yi shekara bakwai rataye ba a gano ba sai 1952. A 2017 jami'ar Washington ta nuna wayar kira mara batir da ke shan maikirowat 3.5 ta wannan hanyar. Illarta tazara, dole mai turo siginal ɗin ya kasance kusa, ba abin da za ka bi saniya da shi daga Achida zuwa dajin Gundumi ba ne.

Hanyoyin tatsar kuzarin suna da yawa, ba zan tsaya kan kowace ba. Akwai ta sukarin jini, inda ake shafa ma sanda guda sinadarin da ke ƙwace ilektaron daga gulukos, ɗayar sandar ta miƙa su ga iskar oksijin. A 2010 masana a Grenoble ta Faransa sun dasa irinta cikin ɓera sunka samu maikirowat 6.5, a 2012 Evgeny Katz na jami'ar Clarkson ya yi da dodon koɗi, wasu a jami'ar Case Western sunka yi da kyankyaso. Matsalarta sinadaran na lalacewa kuma jiki na lulluɓe duk baƙon abu da tsoka har ya daina samun sukari. Akwai ta motsi, a 2014 an manna wani siririn leda mai ba da wuta in an lanƙwasa shi kan zuciyar saniya da tunkiya da alade, burin shi ne na'urar daidaita bugun zuciya, wadda ke shan maikirowat kaɗan amma duk bayan wasu shekaru sai an sake yi ma mara lafiya tiyata don batir ya ƙare. Ita kuma ta icce, akwai ta gaskiya, a 2009 a jami'ar Washington sun sa ƙarfe iri ɗaya a icce da ƙasa don kar a ce cinyewar ƙarfe ce, sunka samu milibolt ɗaruruwa kaɗan, wanda ke zuwa daga bambancin tsami tsakanin ruwan icce da ƙasar, sunka ƙera da'ira mai karɓar milibolt 20 ta mai da shi bolt 1.1, ta ƙaramar na'urar awo ce ba ta fitila ba balle waya.

Mu zo kan shanun Baba, don na san zafin jiki kake tunani. Akwai wani ɗan falle da ake ƙerawa wanda in gefe guda ya fi ɗaya zafi sai ya fitar da lantarki, Thomas Seebeck ya gano tushen abin tun 1821, kamfanin Seiko ma ya fitar da agogon hannu mai aiki da zafin jiki a 1998. Abin da mutane ke mantawa shi ne fallen nan bai damu da zafi ba, bambancin zafi yake ci. A Turai inda ɗaki ke digiri 20 fatar mutum kuma 33, akwai tazara, ana samun maikirowat 10 zuwa 30 a kowane santimita murabba'i. Yanzu kawo shi nan. Cikin saniya digiri 38 da rabi ne, saman fatarta bai kai haka ba kuma ga gashi ya shiga tsakani, iskar garinmu a bazara tana wuce 40 da rana. Wato akwai sa'o'in da iska da saniya zafinsu ɗaya, wuta sifili, akwai kuma lokacin da iska ta fi ta zafi lantarkin ya juya baya, sai da'irar da aka yi don karɓar kowane ɓangare. Da dare da asubar hunturu ne kawai za ka ga abin kirki. Ni duk takardar binciken da na karanta kan wanga abu farkon abin da nake dubawa shi ne a ɗaki mai digiri nawa anka yi gwajin, kuma kusan kullum ɗaki ne mai na'urar sanyaya.

Sannan abin da kake so na'urar ta yi aiki ne mai nauyi. Sanin inda saniya take yana buƙatar GPS, shi kuma in ya farka daga sanyi yana iya shan miliwat 60 zuwa sama na kusan rabin minti kafin ya kama taurarin ɗan'adam, ka ce jul 2. Bayan nan sai a aika, in ta layin waya ne ka ƙara wasu jul ɗin, don GSM na iya fizgar har wat 2 lokaci guda. A ce ka yi sa'a kana samun maikirowat 100 daga wuyan saniya, jul 2 ɗin nan kaɗai sai ka tara na awa biyar da rabi. Ɓarawon da ya kora shanu da ƙarfe biyun dare, kafin na'urarka ta farka ta ce uffan ya yi nisan da ya yi.

Alhali ga rana bisa kanmu. Hasken rana tsaka yana zuba kusan miliwat 100 a kowane santimita murabba'i, fanel na sola ya ba ka wajen 15 daga ciki, ka gwada da maikirowat 20 na zafin jiki, ratar ta kusa ninki dubu. Fanel ɗin da bai kai kwalin ashana biyu ba, da ɗan batir na lithiyam, ya isa ya riƙe GPS da tiransimita irin ta LoRa, wata fasahar rediyo mai tsimin wuta, mai kai kilomita da dama a fili. Irin waɗannan abin wuyan da abin kunnen na sola ana sayar da su tuni a duniya. Don haka in don Gudalin Baba ne, sola, babu ja. Matsalolin da za ka yi fama da su daban ne, ƙurar hunturu da ke rufe fanel, tashar karɓar saƙo da dole a kafa bisa wani tudu ko dogon ƙarfe, da kuma cewa ɓarawo na da wuƙa, abin wuya kuwa ana ganinshi. Ka kuma kula da zangon da za ka yi aiki a kai, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ke da iko da wannan, kar ka sayo na'urar da anka saita ma wata ƙasa ka kunna kawai.

To ina wagga fasaha ke da amfani a wurinmu? Inda rana ba ta kai. Na farko cikin jiki. Akwai wani dunƙule da ake ɗura ma saniya ta haɗiye ya zauna cikin tumbi yana auna zafin jiki, ana gane zazzaɓi ko kusantowar haihuwa kafin ido ya gani, waɗanda ke kasuwa yanzu da batir suke aiki, in ya ƙare shi ke nan don ba mai fiddo shi. A 2017 'yan MIT sun gwada ƙwaya mai ɗan zinki da jan ƙarfe a jikinta cikin aladu, ruwan tsamin ciki ya zama ruwan batir, tana aiko da zafin jiki duk daƙiƙa 12 zuwa na'urar da ke tazarar mita 2. In za a yi adalci wannan ma dabarar ƙusa ce, zinkin ake ci, amma ta fi batir na gaske rashin haɗari in an haɗiye. Ka lura da mita 2 ɗin nan, nama ruwa ne galibi, ruwa kuma na shanye siginal musamman a gigahaz 2.4, shi ya sa anka ware ma na'urorin da ake dasawa a jikin mutum zangon megahaz 402 zuwa 405, sai dai duk sa'adda ka sauko da zango eriya ta ƙara tsawo, wurin kuma babu.

Na biyu, kuma shi na fi sa rai a kai, shi ne taɓon fadama. A cikin laka inda iska ba ta shiga akwai bakteriya masu cin ruɓaɓɓen abu da sukarin da saiwar shinkafa ke zubarwa, in sun ci sai su nemi inda za su sauke ilektaron, wasunsu irin Geobacter da Derek Lovley ya gano a lakar kogin Potomac a 1987 suna iya sauke su kai tsaye kan abu mai tauri kamar kabon. Ka binne falle na kabon cikin lakar, ka ɗora wani a sama inda iska ke taɓa shi, ka haɗa da waya, wuta ta fara gudu, dare da rana, ba ruwanta da hadari ko hazo, kuma ba abin da ke cinyewa. Tun 1911 Michael Potter a Ingila ya nuna bakteriya na ba da lantarki. Sojan ruwan Amurka sun riƙe na'urar awon yanayi mai aika saƙo da irin wanga a kogin Potomac, kamfanin Plant-e na Holan da anka kafa a 2009 ya mai da abin sana'a, kuma a 2024 jami'ar Northwestern ta nuna wata mai girman ɗan littafi da ke auna danshin ƙasa. Ka yi tunanin gonakin shinkafar Wurno da Goronyo da Kwalkwalawa, na'ura binne cikin laka babu fanel da wani zai gani ya ciro, tana turo tsayin ruwa ko danshi. Maikirowat 10 cikin awa ɗaya ya tara milijul 36, gajeren saƙon LoRa guda kuma ana iya aika shi da wannan, wato saƙo ɗaya duk awa, manomi kuwa ba ya buƙatar fiye da haka. Zafin garinmu da ya kashe maganar fallen zafi a nan taimako yake, bakteriya sun fi kuzari a ɗumi. Abin da ke kashe ta rani ne, in laka ta bushe iska ta shiga aikin ya tsaya, don haka ta wurin noman rani mai ban ruwa ce, ba ta gonar gero ta tudu ba.

Tunda na ga kana da sha'awa, gwada da hannunka, kuɗin kaɗan ne. Ɗebo baƙar laka mai wari daga ƙasan fadama cikin bokiti, nemi sandunan kabon na cikin tsofaffin batiran tocila ka wanke su sosai, ko gawayi da ka ɗaure da ragar ƙarfe mara tsatsa, binne kashi ɗaya can ƙasa wajen taƙi guda, ɗayan ya kwanta saman ruwa rabi a iska. Duk inda waya ta jan ƙarfe za ta taɓa laka ka rufe da gam, in ba haka ba ka koma ga mai TikTok, ƙarfe kake ci kana cewa bakteriya. Sa resista, ɗan abin nan mai rage gudun wuta, ta om 1000 tsakanin wayoyin biyu ka bar shi sati biyu, kar ka bari ruwan ya ƙafe, kullum ka auna ka rubuta. Da farko za ka ga kusan babu komi, sannan ya fara hawa yayin da bakteriyar ke mamaye kabon ɗin, wannan hawan a hankali shi ne shaidar cewa masu rai ne ke aikin. In ka cire resistar mita na iya nuna maka rabin bolt ko fiye, kar ya ruɗe ka, wanda ke da ma'ana shi ne awon da resista ke jone: ka ninka bolt ɗin da kanshi ka raba da 1000, misali 0.2 zai ba ka maikirowat 40. Kuma kar ka jera da yawa cikin bokiti guda don neman ƙarin bolt, laka ɗaya suke sha za su gajarce juna, kowace da nata bokitin. Don ɗaga lantarkin akwai ɗan cif mai suna LTC3108 da ke tashi daga milibolt 20, amma yana son wuta mai ɗan kauri, sai ka fara tara ta a babbar kapasita sannan ka sakar mashi. In ka kai nan ka leƙa sashen injiniyan lantarki ko cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Usmanu Danfodiyo da littafin awonka a hannu, ka nemi wanda zai ara maka mita mai karanta maikiro'amfiya, don irin ta kasuwa ba ta gani da kyau a wanga mataki.